Almakashi Ya Yanke Zagi, Ya Bar Mari

 

A wannan wata hirarmu a kan wani tsohon fim ne na ƙasar Amurka. Ran wata Asabar da maraice muna zaune tare da uwargida da yara, ana ta juya tashoshin telebijin, sai muka yi kiciɓis da shi. Sunansa The Bad News Bears, an fito da shi cikin shekara ta 1976. Mun taɓa ganinsa a kaset tun muna samari, yadda masu shi suka yi shi, ba a taɓa masa kome ba. Abin da muka riƙe tun daga wancan lokaci abu biyu ne: yana da ban dariya ƙwarai, kuma bakin yaran da ke cikinsa ba shi da linzami. Saboda haka muka miƙa hannu za mu sauya tasha. Amma da muka kasa kunne kaɗan, sai muka gane wannan irin wanda aka tace ne domin telebijin. Muka ce to, madalla, an cire ƙayar, bari yara su kalla.

Ba a yi minti ashirin ba sai autanmu ya waiwayo ya ce, "Baba, don me bakin yaron nan yake motsi amma ba a jin maganarsa?" Kafin mu sami amsa, yayansa ya riga ya raɗa masa wani abu a kunne, suka fashe da dariya. Tun daga nan muka san ba mu huta ba tukuna.

Bari dai mu fara da labarin, domin waɗanda ba su taɓa ganinsa ba.

Wasan da ake yi cikin fim ɗin shi ne besbol, wanda mutanen Amurka suke ƙauna kamar yadda muke ƙaunar ƙwallon ƙafa. Kowane gefe mutum tara ne. Wani ya jefo ƙaramar ƙwallo da ƙarfi, wani na ɗaya gefen ya doke ta da kulki, sa'an nan ya sheƙa a guje ya kewaya tashoshi uku ya komo gida, watau inda ya tashi. In ya iso gida lafiya, ci ɗaya ke nan. In aka cafe ƙwallon a sama, ko ta riga shi isa tasha, ya fita. In mutum uku suka fita sai a yi musanya, masu jifa su zama masu duka. Yara ma suna da tasu gasa, wadda aka fi sani da Little League, da wani mutum mai suna Carl Stotz ya fara a garin Williamsport cikin 1939.

Labarin ya faru a wata unguwa kusa da birnin Los Anjalas, a jihar Kalifoniya. Akwai waɗansu yara da ƙungiyoyin unguwar suka ƙi ɗauka, gama ba su iya wasa ba. Uban ɗayansu, wani kansila, ya kai ƙara, aka tilasta wa masu gasar su ba yaran wuri. Sai aka tattara su aka yi musu ƙungiya, aka sa mata suna Bears. Akwai Engelberg mai ƙiba, wanda ba ya rabuwa da alewa. Akwai Lupus, ɗan shiru-shiru mai majina, wanda kowa yake tsokana. Akwai 'yan'uwa biyu daga Meziko da ba su jin Turanci. Akwai Ahmad, baƙin yaro, wanda burinsa ya zama kamar Hank Aaron, gwanin nan da ya karya tarihin Babe Ruth cikin 1974. Akwai kuma Tanner, ɗan gajere mai zafin kai, wanda shi ne ya fi ba mai almakashi aiki.

Wanda kansilan ya biya a ɓoye ya horar da su shi ne Morris Buttermaker, tsohon mai jifa da bai taɓa kaiwa babbar gasa ba. Sana'arsa share tafkunan iyo a gidajen masu kuɗi, abincinsa kuwa giya. Tun farkon fim za ka gan shi cikin mota yana zuba wiski cikin gwangwanin giya. Walter Matthau ne ya fito a wannan matsayi, da fuskarsa mai kama da ta wanda bai yi barci ba kwana uku. Da aka ce ya nemo mai saya wa yara riguna, wanda ya samo wani ne mai sana'ar karɓar belin waɗanda aka kama, aka kuwa rubuta sunan kamfaninsa a bayan kowane yaro. A wasansu na fari aka ci su 26 ba ko ɗaya, ba su fitar da ko mutum guda ba, har Buttermaker ya roƙa a tsai da wasan.

Kunya ce ta tashe shi. Ya je ya lallaso Amanda, yarinya 'yar shekara 11, 'yar wata tsohuwar budurwarsa, wadda shi ya koya mata jifa tun tana ƙarama. Tatum O'Neal ce ta fito a matsayinta, ita da ta karɓi lambar Oscar cikin 1974 tana da shekara 10. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, gama sai cikin 1974 ne Little League ta yarda 'yan mata su shiga, bayan shari'ar wata yarinya mai suna Maria Pepe a jihar New Jersey. Daga baya suka jawo Kelly Leak, yaro mai shan taba da hawan babur, wanda duk unguwar ba wanda ya kai shi iya wasa. Da waɗannan biyu sai ƙungiyar ta fara ci, har ta kai wasan ƙarshe da Yankees, waɗanda suka yi musu cin kaca a farko. Michael Ritchie ne ya shirya fim ɗin, Bill Lancaster, ɗan shahararren ɗan wasan nan Burt Lancaster, shi ya rubuta labarin. Kiɗan kuwa an ɗauko shi daga Carmen, wasan waƙa na Georges Bizet da aka fara nunawa a Faris cikin 1875. Ka ji kiɗan sarakuna yana tashi, ga yara suna karo da juna suna faɗuwa, dole ka yi dariya.

To, me ya sa aka tace shi?

A Amurka, daga wajen 1934 har zuwa 1968 akwai wata doka ta masu yin fim da kansu, wadda ta hana zagi da batsa tun daga wurin ɗauka. Cikin 1968 aka ajiye ta, aka koma sa wa kowane fim alama domin iyaye su san irinsa. Wannan fim alamar PG aka ba shi, ma'anarta iyaye su duba tukuna. Alamar PG-13, wadda take gargaɗi musamman saboda yaran da ba su kai shekara 13 ba, sai cikin 1984 aka ƙirƙiro ta. Shi ya sa fina-finai da yawa na shekarun 1970 suke ɗauke da PG, amma cikinsu akwai maganar da uba ba zai so ɗansa ya maimaita ba.

Telebijin kuwa dokarsa daban, gama gidan silima kai kake zuwa da ƙafarka, telebijin shi yake shigo maka har ɗaki. Cikin 1973 wani gidan rediyo a birnin New York ya sa maganar wani mai ban dariya, George Carlin, da rana tsaka, cike da kalmomin batsa. Wani uba yana tuƙi da ɗansa cikin mota ya ji, ya kai kuka wurin hukumar da ke lura da gidajen rediyo da telebijin. Magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci cikin 1978, alƙalai 5 bisa 4, cewa hukumar tana da iko ta tsawata. A yau doka ta hana tashoshin da ke watsawa ta iska a ƙasar sa irin wannan magana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare. Manyan tashoshi kuma suna da ofis na musamman mai duba kowane fim kafin a nuna shi. Mu ma nan ba baƙin abu ba ne gare mu: Nijeriya ta kafa hukumar tace fina-finai ta ƙasa cikin 1993, Jihar Kano kuma ta kafa tata cikin 2001.

Mai tacewa yana da dabara kamar uku. Ko ya kashe murya daidai kan kalmar, baki yana motsi ba sauti. Ko ya ɗora wata kalma mai sauƙi a kai, wani lokaci da muryar wani dabam, sai ka ji yaro ya fara magana da muryarsa ya ƙarasa da ta baƙo. Ko kuwa ya datse wurin gaba ɗaya. Ban da wannan akan rage tsawon fim domin a sami wurin talla. Duk ukun mun gan su a daren nan.

Gaskiya ita ce mun gode wa mai almakashin, kuma ba za mu ɓoye ba. Akwai masu cewa tace fim ɓarna ce, ai yara suna jin abin da ya fi haka a titi. Ba mu tare da su. Don ƙura tana tashi a waje ba a fasa share ɗaki. Wanda ya zauna da yara ya san kunnensu kamar danƙo yake, kalmar da ba ka so su riƙe ita ce take mannewa. Da an bar bakin Tanner yadda yake, da ran Litinin an ji shi a filin makaranta.

Amma ga abin da muka lura, wanda shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Na fari, shirun nan ba shiru ba ne. Yaro ba wawa ba ne. Da ya ga baki ya motsa ba murya, ya san an ɓoye masa wani abu, abin da aka ɓoye kuwa shi ya fi jan hankali. Yaranmu suka mai da shi wasa, kowa yana cankar kalmar da aka cire. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Na biyu, akwai inda almakashi ya yanke har da nama. A fim na asali akwai wurin da Tanner ya bi 'yan ƙungiyarsu da zagi, kowa da ƙabilarsa ko launin fatarsa ko addinin gidansu. Magana ce mummuna, ba mu yi baƙin cikin rashinta ba. Amma can gaba akwai wurin da 'yan Yankees biyu suka tsare Lupus suka zuba masa miyar tumatir cikin hula. Wa ya tashi ya tsaya masa? Tanner ne, shi da ya fi kowa rena Lupus. Ya far musu shi kaɗai, suka ɗauke shi suka tura cikin garwar shara. Wanda ya ji zagin farko, shi zai gane nisan tafiyar da yaron nan ya yi. A wanda aka tace, Tanner ya zama ɗan ƙaramin mafaɗaci kawai, tubarsa ba ta da nauyi, gama ba a ga zurfin laifinsa ba. Ya zama dole mu tsai da hira mu gaya wa yaranmu cewa wannan yaro yana rena mutane saboda asalinsu, ba tare da mun faɗi kalmomin ba. Aikin da almakashi ya bari, mu muka ƙarasa shi.

Na uku, shi ne babba. Abubuwan da suka fi muni cikin fim ɗin ba su da kalmar zagi da za a cire.

Ga misali. Da ƙungiyar ta fara ci, sai zaƙin nasara ya shiga Buttermaker fiye da giya. Ya kira Kelly a gefe ya ce ya riƙa kama kowace ƙwallo da zai iya kaiwa, ko da ta wani ce, har sauran yara suka tsane shi. Ya umarci wani yaro, Rudi, ya riƙa miƙa jikinsa ƙwallo ta buge shi, domin bisa ga dokar wasan wanda ƙwallo ta buga yakan wuce tasha ta fari kyauta. Hannun Amanda yana ciwo, bai hana ta jifa ba. Da yarinyar nan, wadda ba ta da uba a gida, ta ce ko bayan gasa za su ci gaba da ganin juna, sai ya daka mata tsawa ya watsa mata giya, ta tafi tana hawaye. Duk wannan yana nan daram cikin wanda aka tace.

Sa'an nan ga wasan ƙarshe. Mai horar da Yankees, Roy Turner, wanda Vic Morrow ya fito a matsayinsa, mutum ne tsaf-tsaf, rigarsa a goge, ba ka ganinsa da gwangwani a hannu. Ɗansa Joey shi ne mai jifa. Yaron ya jefa ƙwallo wajen kan Engelberg, uban ya taka har tsakiyar fili, a gaban uwar yaron da dukan jama'a, ya kwaɗa masa mari har ya faɗi. Fili ya yi tsit. Yaron ya tashi bai ce uffan ba. Da aka doko ƙwallo ta gaba ta zo hannunsa, sai ya riƙe ta ƙam ya ƙi jefawa, yana tsaye har Engelberg ya kewaya ya iso gida. Daga nan ya taka zuwa wurin ubansa, ya saki ƙwallon a ƙafarsa, ya bar filin.

A falonmu ma tsit aka yi. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi raɗa. Can 'yarmu ta tsakiya ta ce, "Baba, ai wannan ya fi mai shan giyar mugunta." Uwargida ta dube mu, mu kuwa muka dubi ƙasa.

Muka dubi ƙasa domin mun tuna wani abu. Shekarun baya, a wata gasar ƙwallon ƙafa tsakanin makarantu, an ba mu riƙon 'yan wasa. Akwai wani yaro mai nauyin ƙafa da bai taɓa fashin horo ba ko sau ɗaya. Shi yake ɗauko ƙwallo, shi yake ɗebo ruwa. Mun yi masa alkawari zai shiga. Wasa ya yi zafi, muna gaba da ci ɗaya, ya zo ya tsaya kusa da mu yana ɗaure igiyar takalminsa, muka yi kamar ba mu gan shi ba har aka busa tashi. Mun ci kofi. Ba mu zage shi ba, ba mu ɗaga masa murya ba. Da an ɗauki ranar nan a fim, mai almakashi ba zai sami abin yankewa ba ko kaɗan. Amma yaron bai sāke zuwa fili ba. Kofin yana nan ya yi tsatsa, fuskar yaron kuwa ba ta dushe mana ba har yau.

Shi Buttermaker ya fi mu, gama ya farga tun wasa bai ƙare ba. Da ya ga fuskokin yaransa bayan ya gama yi musu tsawa, ya kuma ga marin nan, sai ya gane shi da Turner jirgi ɗaya ya kwaso su. A zagaye na ƙarshe ya sa dukan waɗanda ke zaune a benci su shiga. Kansila ya zo yana faɗa, ya ƙi saurarensa. Lupus ya roƙa kada a sa shi, don kada ya jawo musu faɗuwa, aka ce ya tafi ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Aka doko wata ƙwallo mai nisa wajensa, ya ja da baya har jikin shinge, ya ɗaga hannu, sai ga ta cikin safar hannunsa. Duk da haka ba su ci wasan ba. Kelly ya yi wani duka mai kyau, mutum uku suka iso gida, shi kuma aka fitar da shi a bakin gida. Aka tashi 7 da 6. Yankees suka ɗauki babban kofi, suka zo suna ba da haƙuri na fatar baki. Tanner ya ba su amsa, wadda a telebijin ba mu ji rabinta ba. Lupus ya yi jifa da ƙaramin kofinsu, ya ce a haɗu baɗi. Yaran suka yi ta murna sai ka ce su suka ci.

A nan ma akwai abin gyara. A fim na asali giya ce Buttermaker ya raba wa yaran, suka yi ta fesa wa juna. Wannan ba abin koyi ba ne ko kusa, kuma mun faɗa wa yaranmu haka ƙarara. Da aka sāke yin fim ɗin cikin 2005, da Billy Bob Thornton a matsayin mai horarwa, sai aka mai da ita giyar da ba ta da barasa. Kafin wannan an yi ci gabansa biyu, cikin 1977 da 1978, da kuma wasan telebijin na mako-mako daga 1979 zuwa 1980, amma na farkon ne mutane suka riƙe. A ganinmu dalili shi ne bai yi wa yara ƙarya ba. Bai ce marasa ƙarfi kullum su ke ci ba. Ya ce dai akwai abin da ya fi kofi.

To, ya ku iyaye, ga ɗan abin da muka tsinta, mai yiwuwa ya yi muku amfani.

Kada kalmar nan "an tace" ta sa mu tashi mu bar yara da akwatin telebijin ko da waya. Mai tacewa yana da jerin kalmomi a gabansa, da agogo. Bai san ɗanka ba. Bai san wanne ne mai tsoro ba, wanne ne mai kwaikwayo. Idan da hali, mu fara ganin fim mu kaɗai, ko mu tambayi wanda ya gani. Idan yaro ya tambayi abin da aka cire, kada mu ce ba kome, gama ya san da kome. Mu ce zagi ne, an cire shi domin ba ya da kyau, a gidan nan kuma ba a yinsa. Bayan an gama, mu yi tambaya ɗaya ko biyu, mu bar su su yi magana. Mu da kanmu mun tambayi namu wa ya fi burge su. Mun zaci za su ce Kelly mai babur. Biyu suka ce Lupus.

Sa'an nan mu tuna, yaranmu suna kallon wani fim kowace rana wanda ba mai tace shi, watau zamanmu da su. Suna ganin fuskarmu sa'ad da suka kawo sakamakon jarrabawa, suna jin yadda muke gwada su da ɗan maƙwabci, suna lura da wanda muke yabo da wanda muke mantawa a benci. Mutum yana iya shekara ashirin bai yi ashar ba, amma ya karya zuciyar ɗansa da kallo ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma tun yana ɗanye kuma yake saurin karyewa a hannun mai gaggawa.

Ko mun ba da shawara a kalli wannan fim? Ga yara ƙanana, a'a, ko da wanda aka tace ne, gama gwangwanin giya ba ya barin hannun mutumin nan, almakashi kuwa ba shi da yadda zai yi da shi. Ga waɗanda suka kai shekara goma sha, i, in uba ko uwa suna zaune tare da su. Ga iyaye maza da malamai da duk mai riƙon yara a fili kuwa, muna cewa ku neme shi ku gani, ko ba yaro a kusa.

Mu dai mun sa an nemo mana labarin yaron nan mai nauyin ƙafa. An ce ya girma, yana da nasa iyali. Mun yi niyya kafin wata mai zuwa mu je mu same shi, mu faɗa masa abin da ya kamata mu faɗa tun ranar da aka busa tashi. In mun dawo za ku ji yadda muka yi.

Sai mun sadu a fitowa ta gaba. Allah ya kai mu lafiya, ya kuma ba mu hikimar riƙon 'ya'yanmu.